Hannun Hagu a Garin Mutum-mutumi

Ba zan ɓata muku lokaci da yadda munka bar Goronyo ba, ko yadda hanjina ya kaɗa sa'adda jirgi ya ɗaga. Duk wanda ya taɓa hawa jirgi ya ba da wannan labarin har ya ishe mu. Ni nawa ya fara ne daga inda wani kare ya zo ya zauna gaban jakata.

A filin jirgin Japan anka yi haka. Ɗan kare ne mai dogayen kunnuwa, har riga anka sa masa. Ma'aikaciyar da ke riƙe da shi ta buɗe jakar, ta zaro kilishin da ɗiyata ta ƙulle mini, tana sunkuyar da kai tana ba ni haƙuri, ta jefa shi cikin wani akwati. Na ce wa Malam Bello ya faɗa mata Allah ya isa. Malam Bello malamin gona ne daga Rabah, shi ne shugaban tafiyarmu, shi kuma ke da Turanci. Ya juya ya yi mata magana, sai na ga matar ta washe baki. To ni sai da na yi jikoki sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, amma ɗan Turancin da na tsinta can ya isa in gane godiya in an yi ta. Tun ranar na san duk maganar da zan yi a ƙasar nan sai Malam Bello ya wanke ta kafin ta isa.

Mu uku ne daga yankinmu: shi, da Alhaji Sani mai albasa daga Wurno, da ni Kulu. Wata ƙungiya ce ta ɗauke mu mu je mu ga yadda mutanen Japan ke girbin shinkafa da busar da ita. Sun ce dole a sa mace, matan da muke noman rani tare bakin dam kuma sunka ce ni, don ni ce ba ni jin nauyin tambaya.

Na tafi da hannu ɗaya da rabi. Bari in faɗi wannan tun yanzu in huta. Mu mutanen Shinaka ne. Wata rana da la'asar ɓarayin daji sunka shigo, mijina Malam Umaru ya faɗi a ƙofar gida, ɗaya daga cikinsu ya ɗaga gindin bindiga. Na duƙa na shimfiɗa hannuna na hagu bisa kansa. Duka na farko ya karya hannun. Na biyu ya same shi, bai kuma tashi ba. Bayan mun koma Goronyo maɗori ya ɗora ƙashin, ya kama lafiya lau, likita ma ya ɗauki hoto ya ce babu abin da ya rage. Amma hannun in ya kawo kafaɗa sai ya tsaya cak, kamar an ɗaure shi da igiya a ƙuguna. Kabbara da hannu ɗaya nake yinta. Kaya sai an ɗora mini. Garba, ƙanin mijina, ya riga ya faɗa gaban mutane cewa gonar bakin dam ta gidansu ce, kuma gona ba ta mai hannu ɗaya ba ce, in na dawo daga yawona za a zauna. Wannan gonar ita ke ciyar da ni da ɗiyata da 'ya'yanta.

Daga filin jirgi munka hau jirgin ƙasa, cike da mutane amma shiru kamar ana jiran a fito da gawa. Alhaji Sani ya yi atishawa ya gode wa Allah da ƙarfi, babu wanda ya ko ɗaga kai. Daga nan bas, daga bas wata ƙaramar mota, muna ta hawan dutse cikin itatuwa masu duhu. Wata budurwa mai suna Miki ke tuƙi. Ita ce tafinta. Ta juya yarensu zuwa Turanci, Malam Bello ya juya mana zuwa Hausa abin da ya ga dama.

Da munka kusa garin na ga wani dattijo zaune bakin hanya, sanda tsakanin gwiwoyinsa. Na ɗaga masa hannu, bai amsa ba. Gaba kaɗan ga mata biyu duƙe cikin gona, ga wani yana gyaran keke, ga yara a rumfar jiran mota. Na ce, "Alhaji, mutanen garin ga ba su amsa gaisuwa?" Alhaji Sani leɓensa kawai ke motsi. Ya riga ni ganewa. Ba mutane ba ne. Mutum-mutumi ne, girman mutum sosai, an cusa musu tsumma, an sa musu tufafin mutane, idanunsu maɓallan riga.

Miki ta yi bayani. Matasa sun tafi birni, tsofaffi suna ta mutuwa. Akwai wata tsohuwa a garin, duk wanda ya tafi ko ya rasu sai ta ɗinka madadinsa ta ajiye inda ya saba zama. Yanzu na tsumman sun fi masu rai yawa. Na tambaya wa ya kore su. Anka ce babu kowa. Ba bindiga, ba yunwa, ga ruwa ga wuta ga kwalta har ƙofar gida. Wannan shi ya fi tayar mini da tsigar jiki. Na san garin da ya watse, unguwarmu a Shinaka ciyawa ta cinye ta, amma mu mun san wanda ya kore mu.

Kullum gab da magariba wata lasifika a kan dogon ƙarfe takan saki kiɗa mai sanyi. Miki ta ce na kiran yara ne su koma gida. Yaro mai rai ko ɗaya babu a garin. Kiɗan ya bi kwari ya buga dutse ya dawo, yaran tsumma suna nan zaune a rumfarsu. A lokacin nan nake jin kewar gida har cikin haƙorana: kukan jaki, ƙarar injin ban ruwa, matan maƙwabta suna zagin awaki. Abincin ba gishiri ba yaji, sai dai Allah ya sa karen nan bai damu da garin yajina ba. Kowace safiya kuma mukan tarar da wasu 'ya'yan itace a bakin ƙofa, ja kamar tumatir, zaƙi kamar dabino. Har munka baro garin ban ga mai ajiye su ba. Alhaji Sani ya ƙi ci. Ni na ci nasa.

Aikin da munka tarar girbi ne. Suna da injuna, amma shinkafar da suke ji da ita rataye ta suke yi: a kafa gora hawa hawa kamar shanya, a ɗaura dami, a raba shi biyu a ɗora bisa gorar kai ƙasa, iska ta busar da ita ba ta taɓa turɓaya ba. Dabara ce mai kyau, na kuma ga inda za ta yi mana amfani. Sai dai rataya aikin hannu biyu ne, sama da kai. Ni sai miƙo dami nake yi. Alhaji Sani yana bisa tsani yana cewa, "Miƙo, Hajiyar dama. Ke dai anka turo ki ki ga yadda maza ke aiki." Na ce masa in ya faɗo daga tsanin nan da hannun daman zan wanke shi.

Cikin masu ratayar akwai wata tsohuwa 'yar ƙarama, ba ta kai kafaɗata ba, gashinta fari tas. Kowa Sanse yake ce mata, wato malama. Ita ce mai ɗinka mutum-mutumin. Ta daɗe tana kallon hannuna, irin kallon da mahauci ke yi wa sa. Da anka tashi ta kama bakin hijabina ta ja ni, Miki da Malam Bello sunka biyo mu.

Tsohuwar makarantar garin ta kai mu. Azuzuwa cike da ɗalibai na tsumma, da malaminsu tsaye gaban allo. A ƙarshen baranda akwai wani babban ɗaki mai daɓen katako, 'yan kallo na tsumma jere a jikin bango. Nan take koyar da kareti, faɗan nan nasu na hannu da ƙafa, tun lokacin da garin ke da yara. Yanzu ɗalibanta tsofaffi ne guda uku. A bakin ƙofa ta tsaya ta rusuna wa ɗakin, babu kowa ciki, ta yi mini alama in yi. Na ce wa Malam Bello, "Gaya mata ni ba ni ruku'u ga kowa sai Allah. Kuma in ka wanke wagga magana zan gane." Ya faɗa, yana zufa. Tsohuwar ta dube ni, ta ɗora hannu a ƙirjinta ta ɗan ɗaga gira. Na ɗora nawa. Shi ke nan munka shirya.

Malam Bello ya ce wannan ba ya cikin abin da ya kawo mu, mi matar da ta haifi mai haihuwa za ta yi da dambe? Na ce masa ya koma masauki. Daga ranar, kullum bayan la'asar ina ɗakin nan, farin wandonsu a ƙarƙashin doguwar rigata. Yawanci ba tafinta. Da hannu take magana, da wata sandar gora da anka tsaga aka naɗe da ƙyalle.

Ba ta koya mini bugu ba ko sau ɗaya. Tarewa kawai. Akwai ta ƙasa, wadda ake share duka kamar mai kakkaɓe zane. Akwai ta tsakiya, wadda ake ture hannun mutum gefe. Waɗannan na kama su da wuri, macen da ta yi shekaru tana daka ba ta rasa ƙarfin damtse. Sai ta sama, wadda ake tare abin da ke saukowa bisa kai. Ta ce mu fara da dama.

Ta ɗaga sanda, na ɗaga hannu na shimfiɗa shi bisa kaina, na runtse ido, na noƙe wuya. Sandar ta sauka a ƙashin. Ba da ƙarfi ta buga ba, amma na ji shi har kunne. Ta girgiza kai. Ta buɗe mini ido da yatsunta biyu, kamar ana duba mara lafiya. Ta danna kafaɗata ƙasa. Ta kama dunƙulen hannuna ta kawo shi wajen ƙugun hagu, ta bi da shi ta gaban ƙirji, ta gaban fuska, kamar zan naushi sama, sai a ƙarshe ta murɗa shi, tafin hannu ya kalli waje. Ta auna tsakanin goshina da hannun, faɗin dunƙule ɗaya. Sannan ta gyara shi ya karkata, dunƙule sama, gwiwar hannu ƙasa. Ta nuna mini rufin wani gida ta taga, ta yi alamar ruwa yana gangarowa. Na gane. Jinka take nufi, ba soro ba.

Ta sake bugowa. Sandar ta taɓa hannun ta zame ta wuce gefe, ko zafi ban ji ba.

Na tsaya ina kallon hannuna. Ashe haka ne. Ranar nan a Shinaka shimfiɗa shi na yi, na tsayar da shi wuri ɗaya, na rufe ido ina jira, kamar itacen da anka aza a faskara. Na zauna bisa katakon ina huci. Kashegari na zo da Miki, na haɗa ɗan Turancina da hannu na ba su labarin, na ce a tambayi tsohuwar: da na san wannan, da mijina yana raye? Sanse ta ce a'a. Ta ce mutanen da ke riƙe da bindiga babu tarewar da ke tsayar da su, duk malamin da ya gaya mini akasin haka maƙaryaci ne. Abin da za ta iya koya mini shi ne kada in sake tsayawa ina jiran duka da ido rufe. Na ji haushin amsar, amma na yarda da matar tun daga nan.

Munka yi ta yi. Kurakuraina ba su ƙarewa. In na tuna murɗawa sai in manta ƙugu, ita kuwa ta ce ƙugu ke tarewa, hannu rakiya yake yi. In na juya ƙugu sai in riƙe numfashi. In na saki numfashi sai in ja da baya, ta tura ni gaba da tsinin sanda: a tari duka tun yana sama, kafin ya yi nauyi. Abin da ta fi naci a kai shi ne ɗaya hannun, wanda ba ya tarewa. Dole a fizgo shi baya zuwa ƙugu da ƙarfi daidai lokacin da ɗan uwansa ke tashi. Tana ƙirga da yarensu, muryarta na bugun bangon, tsofaffin nan uku suna amsawa, na tsumman suna kallonmu. Wani lokaci in na juyo sai in ga kamar ba inda na bar su suke ba. Daga baya na gane ita ke sauya musu wuri don kada rana ta cinye musu tufafi gefe ɗaya, amma sanin bai hana gabana faɗuwa ba.

Dama ta ƙware. Hagu kuwa yana kawowa kafaɗa ya tsaya. Sanse ta jefa wata doguwar ɗamara bisa gungumen rufi, ta ba ni bakin nan biyu, ta ce in ja da dama. Ina ja, hagu na tafiya sama, kamar jan guga a rijiya mai kwarkwaro. Na ji azaba, na ga taurari, amma na ga hannuna sama da kaina a karo na farko tun Shinaka. Ina sakin ɗamarar ya faɗo. In ce masa tashi, ya ƙi. Haka munka yi ta fama har anka fara sauke busasshiyar shinkafa, tafiyarmu ta matso.

Ana nan ɗankwalina ya ɓace, wani mai ruwan ganye da nakan ɗaura a ƙarƙashin hijabi. Na san a ɗakin sauya kaya na bar shi. Na duba ban gani ba.

Wata rana na riga kowa zuwa. Hazo ya sauko daga dutse ya rufe filin makarantar, ko ƙofa da ƙyar ake gani. Ina bin baranda na ga wani ɗaki da kullum ke rufe, yau a buɗe. Na leƙa. Hannuwa da ƙafafu na tsumma rataye a ƙusa, kawuna cikin kwando ba idanu. A tsakiya, bisa kujera, wata mace zaune. Fuskarta baƙin ƙyalle. Doguwar riga. Ɗankwalina a kanta, an ma ɗaura shi irin ɗaurina. Hannun dama yana bisa cinya. Na hagu an ɗinke shi a jikin haƙarƙari da jan zare, ɗinki bisa ɗinki.

Duk wanda ya tashi inda na tashi ya san mi wannan ke nufi. A ɗauki tufafin mutum mai ɗauke da zufarsa, a yi siffarsa, a ɗaure wata gaɓa. Ban taɓa zuwa wurin boka ba, amma ba a daji na girma ba. Na karanta duk abin da ya zo bakina. Na ce ashe shi ya sa hannun ya ƙi, ashe tsohuwar nan da rana tana ɗagawa, in na tafi tana ɗaurewa. Wata zuciyar ma ta ce mini mutanen garin nan ba tafiya sunka yi ba, ɗinke su anka yi ɗaya bayan ɗaya. Tsoro bai daɗe ba ya koma fushi, ni haka nake. Na sungumi abin da hannun dama, na rungume shi a gefena, na nufi masauki in ƙone shi.

Gajeriyar hanyar fita ta cikin ɗakin kareti take. Sanse tana tsaye a tsakiya da sandarta, Miki na gefe tana cire takalmi. Na zazzaga mata Hausa tsantsa, ba Malam Bello balle a wanke. Na ce, "Mi na yi miki? Na baro ƙasata, na ba ki hannuna, ke kuma ki ɗaure shi? Tsohuwar banza mai wasa da gawa." Ba ta ji kalma ɗaya ba, amma ta ji duka. Miki ta fara magana, tsohuwar ta ɗaga mata yatsa.

Ta dubi abin da ke hannuna, ta dube ni. Ta tako. Ban taɓa ganin ta yi sauri haka ba. Ta ɗaga sandar da hannu biyu, ta yi wata tsawa da ban san ƙirjinta zai iya ba, ta sauko da ita. Ba kaina ta nufa ba. Kan mutum-mutumin ta nufa, kan da ke sanye da ɗankwalina, jingine a jikina.

Ban yi tunani ba. Na fizge shi baya zuwa ƙuguna da dama, jikina ya juya, na shiga gaba. Na ji ƙarar gora, na ga tsininta ya bugi katako can gefena. Idona a buɗe yake, shi ya sa na ga komi. Akwai wani hannu a sama da goshina, a karkace, tafinsa na kallon waje. Sai da na bi shi da kallo har kafaɗa sannan na yarda nawa ne.

Babu wanda ya motsa. Can waje lasifikar nan ta saki kiɗanta na kiran yara. Sanse ta ajiye sanda, ta matso, ta sa dunƙulenta tsakanin goshina da hannun tana aunawa, ta ɗan danna gwiwar hannun ƙasa. Ta ce wani abu. Miki ta ce wai gwiwar ta yi sama da yawa.

Na zauna a ƙasa da mutum-mutumin bisa cinyata na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Da na natsu Miki ta yi mini bayani, a hankali, da kalmomin da zan iya ɗauka. Duk wanda ya zauna garin ya tafi sai an yi nasa, har baƙi. Tsohuwar takan fara tun mutum yana nan, don in ya tafi fuskarsa na ɓace mata. Na Alhaji Sani ma yana cikin kwando, saura hula. Ɗankwalin kuwa ta zaci na yar da shi ne. Na ce to ɗinkin hannun fa? Sanse ta ce ita abin da ta gani take ɗinkawa. Haka nake tafiya, haka nake zama, hannu manne da haƙarƙari kamar ina ɓoye wani abu a hammata. Ta ciro ɗan almakashi daga aljihu ta miƙo mini. Ni na warware jan zaren da kaina, ɗinki bayan ɗinki.

Kada wani ya ce warkewa na yi nan take. Kashegari hannun ya kumbura, ko kofi bai ɗauka. Da kumburin ya sauka, wata rana ya tashi, wata rana ya ƙi. Amma na riga na san hanyarsa: in na ce masa tashi ba ya ji, in na fizgo dama baya na juya ƙugu sai ya bi. Mun yi ta maimaitawa har ranar ƙarshe, tana gyara gwiwar nan da ba ta taɓa gamsar da ita ba. Ranar da anka rataye ragowar shinkafar wani tsoho da ya makara da girbi, na ce wa Alhaji Sani ya sauko daga tsani. Na hau, na ɗora dami a gorar sama da hannu biyu. Ya ce, "La ilaha illallahu. Kulu, asiri sunka yi miki?" Na ce, "Miƙo, Alhajin ƙasa." Da azahar na yi kabbara, yatsuna na hagu sunka taɓa kunnena, sai da na sake niyya don na rikice.

Malam Bello ya ce bai kamata Musulma ta bar siffarta a ƙasar wasu ba. Maganarsa tana da hanya, na kuma juya ta a raina. Na ce a gaya wa Sanse sharaɗina: kada a kira shi da sunana, kada a rusuna masa, kada a ajiye masa abinci. Ta yarda. Alhaji Sani shi kam ya sa an warware nasa gabansa. Ɗankwalin na bar mata.

Da safe motar Miki ta bi da mu ta gaban makarantar. Sanse ba ta fito sallama ba, an ce ba ta taɓa fitowa. Amma an fito da mutum-mutumin filin makaranta, an tsayar da shi cikin sauran, yana fuskantar hanya. Ta sa masa waya a hannun hagu, ta ɗaga shi sama da goshi. Malam Bello ya ce, "Ga ki can kina yi mana bankwana." Na bar shi a haka.

Da na dawo Goronyo an zauna, kamar yadda Garba ya ce. A gonar anka zauna, don ni na ce can. Ya fara jawabi a kan tausayi da zumunci. Ban katse shi ba. Na tashi na je inda kwandon albasa yake, na duƙa, na ɗauke shi da hannu biyu na aza bisa kaina, na zo na tsaya gabansa har ya rasa inda ya tsaya a maganar. Wani dattijo ya ce to ai sai a yi fatiha. Gonar tana hannuna. Bana ma mun kafa gora mun rataye shinkafa, mata suna ta dariya har sunka ga ba tsakuwa cikinta.

Bayan wata biyu da dawowarmu Miki ta turo hoto a wayar ɗiyata. Dusar ƙanƙara ta rufe garin. Dattijon bakin hanya ya zama tudu, yaran rumfar mota ba a ganin komi nasu, na filin makaranta duk ta lulluɓe musu kai da fuska. Ɗaya ce kawai fuskarta ke waje, baƙa, a ƙarƙashin hannunta, maɓallan idonta suna kallon hanya. Na ƙara girman hoton da yatsa na duba da kyau. Gwiwar hannun tana ƙasa, daidai inda tsohuwar ke so.